Wurin Ta-Inno a Kamiyo

Shekarar da rana ta yi husufi, wato saba'in da uku, ita ce shekarar da rijiyoyin Birni suka koma ba da laka. Wanda bai ga Damagaram a lokacin ba, kada ya ce mini ya san ƙishirwa. Mata kan jera tuluna a bakin famfo tun da sassafe, su koma gida su yi shara, su dawo su tarar layin bai matsa ba. Shanu na mutuwa a bayan gari, mutanen arewa sun zubo sun kafa bukkoki, tuwon jar dawar taimako kuwa sai ka rufe ido kake haɗiye shi. To, a cikin wannan hali ne wasu Turawa suka sauka a garin da manyan akwatuna, wai sun zo kallon rana. Rana fa! Mu da muke neman inda za mu ɓuya mata.

Rakiya matar Yusufu baduku ba ta da lokacin Turawa. Mijinta ya tafi Kano neman abin kai wa baki, domin a shekarar fata ta yi yawa amma mai sayen jaka babu. Ya bar ta da 'ya'ya huɗu a wani lungu mai yashi a cikin Birni. Babbar cikinsu ita ce Aisa, 'yar shekara goma sha shida, tana kwalej.

Aisa 'yar fari ce, kuma a nan zancen yake. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, haka muka tarar. Wasu matan sukan sassauta in shekaru sun ja, amma ban da Rakiya, ita kam ta riƙe abin da hannu biyu. Tun da aka yaye yarinyar aka miƙa ta ga kakarta Inno, a ɗakin da ke kallon na Rakiya. Inno ce ta goya ta, Inno ce ta kai ta lakwal, wato makarantar boko, Inno ce ke tsaya mata a kowace magana. Rakiya kuwa in ta kama dole sai ta ce “Ta-Inno”, in ba ta kama ba ta ce “waccan”. Yarinyar kuma Yaya take ce mata, kamar yadda ta ji ƙannen ubanta na faɗa. Shekara guda kafin nan Allah ya yi wa Inno rasuwa, aka bar su su biyu a tsakar gida ɗaya, suna wuce juna kamar baƙi a tasha.

Kada wani ya ce ba ta son ta. Wallahi tana son ta har ciwo abin yake mata. Akwai wani kara da Aisa ta kafa a tsakiyar gidan, kullum da tsakar rana sai ta zo ta ajiye tsakuwa a daidai inda inuwarsa ta tsaya, ta rubuta wani abu a littafi. Malamarsu ta kwalej, Malama Sakina ta Zango, ita ta koya mata, bayan Inno ta riga ta cika mata kai da sunayen taurari tun tana ƙarama. Wata goma ana wannan aiki, tsakuwoyi sun yi layi har kusa da murhu. Rakiya ke share gidan kowace safiya, kuma a wata goman nan tsintsiyarta ba ta taɓa ture ko ɗaya ba. Takan zagaye su tana tsaki, don kada a ce ta kula.

Su Turawan, abin da ya kawo su shi ne, a ƙarshen watan shida wata zai shiga gaban rana da tsakar rana. A Damagaram za ta rage kamar lauje, amma can duwatsun Azbin za ta mutu ɗungum har wajen minti shida, taurari su fito. Can za su, da kamiyonsu, wato babbar motar kaya, da madubansu na hangen nesa. Sun yarda su ɗauki 'yan kwalej biyar su taya su riƙe agogo da rubuta lambobi. Da aka kawo sunayen, sai ga maza biyar reras.

Malama Sakina ta ce ba ta san zancen ba. Ta je wurin shugaban makaranta, ya ce hanya da nisa, ba ta mata ba ce. Ta koma washegari, ya ce ta bari sai wani karo, ta tambaye shi ko ya san husufi irin wannan yana yin wani karo. Da ta ga za a gajiyar da ita, sai ta ɗauki littafin Aisa na inuwar kara ta kai wa mace ɗaya tilo da ke cikin ayarin Turawan. Wata doguwa ce busasshiya, yara suna ce mata Madam Dogon-wuya don kullum kanta na sama. Ita ma ta sha nata. An ce a ƙasarsu sau biyu ana hana ta aiki a gidan duban taurari, wai ba su da ɗakin da za su ajiye mace. Da ta buɗe littafin ta ga lissafin, ta tafi wurin shugaban ayarin ta kafe: in ba yarinya a cikin biyar ɗin, to ita ba za ta koya wa kowa riƙon agogo ba. Aka yi ta ja har kwana uku, sannan aka cire namiji ɗaya aka sa Aisa.

Sai dai Madam ta zo da wata doka tata, kuma da kyakkyawar niyya ta zo da ita. Ta ce ba za ta ɗauki 'yar mutane zuwa daji ba sai ta ji daga bakin uwarta. Iyaye maza sun watse neman abinci, wannan ɗaya. Na biyu, ta ce ita a rayuwarta ba wanda ya taɓa tambayar uwarta komai game da ita, ubanta kaɗai ake tambaya, kuma shi a'a ya iya. Don haka a kira uwa, a girmama ta, ta faɗa da bakinta. Allah sarki, baiwar Allah, ina ta san irin uwar da za ta kira.

Ranar Talata aka aiko wa Rakiya. Ta ɗauko zanenta na zuwa biki, ta yi lulluɓi, ta tafi biro, wato ofis. Malama Sakina tana can tana tsaron masu jarrabawa, don haka komin biron, wato akawun wurin, wani Illa, shi aka sa ya yi tafinta. Aisa na tsaye a bakin ƙofa, ga masinja, ga wasu mata biyu 'yan unguwa da suka zo karɓar takardar jar dawa, duk kunnuwa a buɗe.

Madam ta yi murmushi, ta ce a gaya wa uwar 'yarta tana da kai irin wanda ba a samu kullum. Rakiya ta ji wani sanyi ya ratsa ta har tafin ƙafa, amma sai ta kawar da fuska ta ce, “Waccan? Me ta sani? Wasa da tsakuwa dai.”

Illa ya juya da Faransanci. Madam ta ɗan yi turus, ta ce a tambaye ta ko tana so yarinyar ta tafi.

“Ni ba ruwana da sha'aninta,” in ji Rakiya, tana kallon bango. “Ku tambayi masu ita.”

Illa ya juya wannan ma, kalma bayan kalma. Kai, Illan nan ya ba ni haushi har yau. Haifaffen Birni ne fa, shi ma ɗan fari ne, uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba har ta koma ga Allah. Ba mugunta ya yi ba, a'a. Taƙamarsa ita ce shi tafinta ne na gaske, ba ya ƙari ba ya ragi. Sau uku Madam na tambaya, sau uku Rakiya na ƙara jan mayafi, shi kuma yana zuba mata amsar yadda ta fito. A ƙarshe Madam ta rubuta wani abu a takarda, fuskarta ba walwala, ta ce an gode.

Abin da zai ba ka tausayi, Rakiya ta fito daga biron nan da farin ciki. A ganinta ta gama magana. Ai uwar da ba ta so, dalili take kawowa: ta ce yarinya ba lafiya, ko ta ce wa zai ɗebo mata ruwa, ko ta ce a jira ubanta. Ita kuwa ba ta kawo ko ɗaya ba. Ta ce ba ruwanta, wato hanya a buɗe take, ko yaron goye ya san haka. Tana isa gida ta jawo ragowar fatar da Yusufu ya bari, ta zauna a ƙuryar ɗaki ta ɗinka 'yar jaka mai igiya. Ta zazzage ɗan dabinon da take ɓoyo saboda azumi, ta cika jakar. Sai ta ba ƙaramar 'yarta, ta ce ta kai wa waccan, ta ce mata tsintuwa aka yi a kayan Inno.

Jakar ta dawo ba a buɗe ba. Washegari da tsakar rana Rakiya na tankaɗe a gindin bango, ta ga Aisa ta fito kamar kullum. Maimakon ta ajiye tsakuwa, sai ta tsuguna ta tumɓuke karan, ta sa hannu ta tattara tsakuwoyin wata goma ta zuba a bayan murhu. Ba ta yi kuka ba, ba ta dubi kowa ba. Ta ɗauki tulu ta tafi layin famfo. Rakiya ta bi ta da kallo, rariya a hannu, bakinta ya yi nauyi ta kasa ko da cewa “ke”.

Da la'asar Malama Sakina ta yi sallama. Ko tabarma ba ta bari an shimfiɗa mata ba. Ta ce an rubuta a takarda cewa uwa ba ta yarda ba, an mayar da yaron da aka cire. Ta ce ta je ta yi wa Madam bayanin kunyar ɗan fari har muryarta ta dushe, Madam ta gane, har ta riƙe kai don takaici. Amma shugaban ayarin, wanda dama ba so yake ba, ya ce shi bai san al'ada ba, takarda ya sani. Abin da uwa ta faɗa a gaban shaidu, uwa ce kaɗai za ta warware shi. Kamiyo kuma jibi Juma'a zai tashi, bayan an sauko daga masallaci.

“Yaya Rakiya, kalma ɗaya ce,” in ji ta. “Ki zo mu je tare, ni zan yi miki tafinta. Ki ce kina so, shi ke nan.”

Rakiya ta ce to, a bari ta gani. Malama Sakina ta tsaya tana dubanta, ta san irin wannan “to” ɗin, ta juya ta fita idonta ya kawo ruwa.

Ka ce kalma ɗaya ce, e, a bakin wani. A bakin Rakiya dutse ce. Shekara goma sha shida tana gina wannan kunyar, da ita ake misali a unguwa, har Inno kan ce surukarta ta fi kowa sanin ya kamata. Yanzu ta je gaban Malama Sakina, wadda ƙanwar uwarta ke aure a lungun bayansu, ta buɗe baki ta ce tana son abu saboda 'yar farinta? Kafin magariba zancen ya zaga Birni ya leƙa Zango. Ta yi ta juya abin ranar Alhamis tun safe. Ta sa gishiri sau biyu a miya. Ta je layin ruwa ta dawo ta bar tulun a can. Duk inda ta juya a tsakar gidan sai idonta ya faɗa kan ɗan ramin da karan ya bari.

Wa zai yi mata tafinta wanda ba zai kai zancen ko'ina ba? Illa dai ko a mafarki. Malama Sakina mutuniyar kirki ce, amma tana da dangi. Ta lissafa duk mai jin Faransanci da ta sani, ta zubar, har ya rage saura mutum ɗaya. Da ta gane ko wace ce, sai da ta zauna a bakin turmi.

Ranar Juma'a, da maza suka ɗunguma masallaci, lunguna suka yi tsit, ta yafa mayafi ta tsaya a ƙofar ɗakin Inno, tana kallon gefe.

“Ke, taso ki raka ni unguwa.”

Aisa ta taso ba ta tambayi ko ina ba. Suka fita ta ƙofar Birni, uwa a gaba, 'ya a baya, yashi na ƙona musu ƙafa ta cikin takalmi. Haka suka isa masaukin baƙi. Ga kamiyo an ɗaure masa kaya har sama, ga gangunan ruwa, ga yaran nan biyar zaune a inuwa da ƙunshin kayansu. Madam tana gefe ita kaɗai, tana naɗe wani dogon madubi da bargo. Da ta gan su ta miƙe tsaye, ta aika a kira shugaban ayarin, wani gajere mai jan gemu, ya zo yana duba agogo.

Rakiya ta matsa inda yaran ba za su ji ba. Ba ta dubi 'yarta ba, ta ce, “Abin da na faɗa, ki gaya musu.” Mai gemu ya sake duba agogo. Ta kama bakin mayafinta ta murɗa, sannan maganar ta ɓalle.

“Ki ce musu ni na haife ta. Ranar Laraba, da hantsi, ana ruwa. Da aka ɗauke ta aka kai ɗakin kakarta, wata uku ina tashi in laɓe a bakin ƙofa don in ji numfashinta. Ranar da ta yi ƙyanda, ba a bar ni na shiga ba, na kwana bakwai ban sa hatsi a bakina ba, na ce wa mutane ciwon ciki nake. Ranar da aka ba ta kyautar littafi a lakwal, aka ce iyaye su zo, ban shiga ba, amma ina bayan katanga, na ji da aka kira ta, na ji tafin. Ban san abin da take gani a sama ba. Ban iya karatu ba. Amma na san duk garin nan ba wanda ya kai ta, ko namiji ko mace. Ranar Talata ƙarya na yi. Ruwana ne, duk ruwana ne.” Ta haɗiyi yawu. “Ina so Aisa ta tafi. Ku tafi mini da Aisa ta gani.”

Sunan ya fito mata wani iri, kamar ba da harshenta ba. Ta ji kunya ta lulluɓe ta har tana neman ƙasa ta tsage, amma a ƙarƙashin kunyar ta ji wani sauƙi da ba ta taɓa ji ba.

Aisa na tsaye kamar an dasa ta. Hawaye na bin kumatunta suna ɗiga a kan riga, ba ta share ba. Madam ta dube ta tana jira, mai gemu ma ya bar agogon. Da ƙyar yarinyar ta buɗe baki, ta faɗi wasu 'yan kalmomi da Faransanci, ba su fi uku ba, ta rufe.

Madam ta dubi uwar, ta dubi 'yar. Ba ta nemi ƙari ba. Ta karɓi takardar daga hannun mai gemu, ta soke layin Talata, ta yi sabon rubutu, ta miƙa wa Rakiya ta dangwala yatsa. Mai gemu ya ɗaga kafaɗa, ya ce yaron da aka mayar ba za a sake sauke shi ba, sai dai su matsu su shida a kan ganguna. Madam ta ce yarinyar a gaba za ta zauna, kusa da ita. Aka ba Aisa rabin awa ta je ta ɗauko kayanta.

Suka kamo hanyar gida da sauri, wannan karon kafaɗa da kafaɗa, don ba lokacin jeruwa. Rakiya ta ja mayafinta har goshi. Wani abu na cin ta, ta daure har suka shiga ƙofar Birni, sannan ta kasa.

“Ke,” ta ce, tana kallon gabanta. “Duk zancen nan da na yi, shi ne ya koma ɗan wannan? Faransancin haka yake da rowa?”

“Na ce musu kin yarda, Yaya.”

“To sauran fa?”

Aisa ta sa gefen hannu ta goge fuska. Sun yi taku kusan goma kafin ta amsa, muryarta ƙasa-ƙasa.

“Sauran nawa ne.”